Yadda A Ke Gane Ɓacin Iska Daga Tsirrai

Manomin ƙasar Hausa ba ya jiran malamin gona ya zo da kayan awo kafin ya san gonarsa ta gaji. In ya ga ƙuduji ya rufe gindin dawa, ya san ƙarfin ƙasa ya ƙare, sai taki ko hutu. Watau yana duban tsiro, ya gane halin abin da ba ya gani. Masana ilmin tsirrai a Turai da Amurka sun bi irin wannan hanya wajen gane halin iskar da mutane ke shaƙa, tun kafin a ƙera na'urorin da ke auna ta, kuma har yau ba a daina ba, ko da ya ke na'urorin sun samu. Dalili kuwa shi ne, na'ura tana faɗin yawan dafin da ke cikin iska a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, amma tsiro yana nuna abin da dafin nan ya yi wa mai rai bayan ya daɗe yana shaƙarsa. Ga shi kuma tsiro ba ya tashi daga inda ya ke, ba a saye masa batir, kuma ana samunsa inda hukuma ba ta da kuɗin kafa na'ura.

Kafin a shiga bayani, akwai maganar suna. Bahaushe yakan ce gansakuka ga koren abin nan da ke shimfiɗa a kan ruwan kududdufi, ya kuma ce gansakuka ga wanda ke fitowa a jikin bango mai laima da damina. Masana sun rarrabe su. Na ruwa daban, na ƙasa mai laushi kamar karan-miski daban, sa'an nan ga na uku, wanda ke manne wa dutse ko ɓawon itace kamar ƙyasfi, wani fari-fari, wani ruwan toka, wani ruwan ɗorawa. A cikin wannan takarda za a kira na farko gansakukar ruwa, na biyu gansakukar ƙasa, na uku kuwa an aro masa sunan da Turawa ke kiransa, an Hausance shi, watau laikin. Aron ya fi sauƙi bisa ga a ɗora wa kalma ɗaya kaya uku, musamman tun da ya ke dukan zancen ya rataya ne a kan bambancin da ke tsakaninsu.

Shi laikin ba halitta ɗaya ba ne. Fumfuna ce da gansakukar ruwa su ke zaman tare a jiki guda: fumfuna ta ba da gida da laima, gansakuka ta yi abinci da hasken rana ta ciyar da su duka biyu. Wani masani mutumin Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, aka yi ta musu da shi shekara da shekaru. Abin da ya sa laikin ya zama ma'aunin iska yana cikin ƙirarsa. Ba shi da saiwa, saboda haka ba ya samun kome daga ƙasa, ruwansa da abincinsa duk daga raɓa da ruwan sama da ƙura su ke. Ba shi da fatar kakin nan da ke rufe ganyen itatuwa, ba shi da 'yan ƙofofin da ganye ke rufewa in iska ta ɓaci. Ba ya kaɗe jikinsa da rani kamar yadda itace ke zubad da tsohon ganye ya rabu da abin da ya taru a ciki. Girmansa kuma a hankali ne ƙwarai, waɗansu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu a shekara. Duk abin da iska ta kawo, laikin zai sha shi, ya kuma riƙe shi.

Babban abokin gābansa a zamanin da aka fara lura shi ne hayaƙin farar wuta, wanda ke fita in an ƙona kwal ko an narka duwatsun ƙarfe. In wannan hayaƙi ya gamu da laima sai ya zama ruwa mai tsami, ya lalata koren sinadarin da gansakuka ke yin abinci da shi. In gansakuka ta mutu, fumfuna ba ta da mai ciyad da ita.

A 1859 Leo Grindon, cikin littafinsa a kan tsirran Manchesta, ya ambaci yadda laikin ya ragu a kewayen garin saboda hayaƙin ma'aikatu. Amma wanda a ke ba girman buɗe wannan fage shi ne William Nylander, mutumin Finlan da ya zauna a Faris. A 1866 ya lissafa ire-iren laikin da ke kan itatuwan Lambun Luksambur a tsakiyar birnin, ya ga akwai su a nan alhali kuwa sun yi wuyar gani a sauran unguwanni, ya ce lalle ana iya ɗaukarsu ma'aunin lafiyar iska. Da ya sake dubawa a 1896, bayan shekara 30 ana ƙona kwal, sai ya tarar sun ƙare daga itatuwan lambun. Abin mamaki, shi wannan Nylander yana cikin waɗanda su ka fi tsananin ƙin maganar Schwendener, har ya mutu a 1899 bai yarda laikin halitta biyu ne ba. Ya gane amfanin abin sarai ba tare da ya yarda da asalinsa ba.

A 1926 Rutger Sernander ya zana taswirar Istokholm, babban birnin Suwidin, ya raba ta uku. Tsakiyar gari, inda ba laikin ko kaɗan a jikin itatuwa, ya kira ta hamadar laikin. Kewaye da ita akwai yankin fama, inda 'yan kaɗan masu jimiri ke rayuwa a tsumure. Can waje kuwa sai yankin da kowane iri ke fitowa yadda ya saba. Daga baya aka yi irin wannan taswira ga birane masu yawa, kusan kullum siffar ɗaya ce, sai dai hamadar takan miƙe ta bi inda iska ta fi kaɗawa.

To, a nan gardama ta tashi, kuma gardama ce mai ma'ana. Wani masani a Folan, Jan Rydzak, ya ce ba hayaƙi ke kashe laikin a birni ba, bushewa ce, domin birni ya fi ƙauye zafi da ƙarancin raɓa. Ba a iya kashe wannan magana da baki, sai da gwaji. Irwin Brodo, a shekarun 1960, ya yanko 'yan faya-fayan ɓawon itace da laikin a jikinsu daga wuri mai tsabtar iska a tsibirin Long Ailan, ya dasa su a jikin itatuwa, waɗansu kusa da birnin Niyok, waɗansu nesa. Na kusa da birni su ka mutu cikin 'yan watanni, na nesa su ka rayu. Waɗansu kuma su ka nuna akwai hamadar laikin kewaye da matoyar ƙarfe da ke tsakiyar daji, inda ba birni balle bushewarsa. Gwajin da aka yi cikin ɗakin bincike, inda aka busa wa laikin hayaƙin farar wuta da gangan, shi ma ya goyi bayan masu cewa hayaƙi ne. Duk da haka Rydzak bai yi asarar maganarsa duka ba, za a komo kanta in an zo ƙasashe masu rani.

Aikin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na David Hawksworth da Francis Rose, wanda su ka buga a 1970. Sun gwada ire-iren laikin da ke jikin itatuwa a Ingila da Wales da abin da na'urori su ka auna na hayaƙin farar wuta a lokacin sanyi, su ka fito da tsani mai hawa daga 0 zuwa 10. Ana lissafin hayaƙin da maikurogiram, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita guda tsawo, mita guda faɗi, mita guda tsayi. Inda awon ya wuce 170, ba a ganin kome sai ɗan koren gansakuka a gindin itace. Wajen 150 sai wani laikin mai kama da ɓarɓashin toka, Lecanora conizaeoides, ya bayyana. Wajen 70 a fara ganin masu faffaɗan jiki kamar ganye. Masu reto kamar gemun tsoho kuwa, da wani babba mai kama da huhu, Lobaria pulmonaria, ba su yarda su zauna sai awon ya sauko wajen 35 ko ƙasa da 30. Ƙa'idar a taƙaice ita ce, mai manne wa ɓawo kamar fenti ya fi jimiri, mai ganye yana tsakiya, mai gashi ya fi saurin mutuwa, domin shi ya fi buɗe jikinsa ga iska. Saukin wannan tsani ya sa a farkon shekarun 1970 dubban 'yan makaranta a Ingila su ka zaga unguwanninsu da takardar hotuna a hannu, aka tattara abin da su ka gani aka yi taswirar ƙasa da shi.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ta zo ne da kanta. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana biyar. Lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 su ka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ya jawo dokar tsabtace iska ta 1956, aka rage ƙona kwal a gidaje, hayaƙin farar wuta ya yi ta raguwa. A 1981 Rose da Hawksworth su ka ba da labarin laikin ya fara komowa Landan, wajen 1990 kuma aka sake ganinsa a Lambun Luksambur, inda Nylander ya bar itatuwa tsirara. Birnin bai ƙara laima ba, hayaƙi ne ya ragu. Shi kuwa Lecanora mai son tsami, wanda dā ya mamaye itatuwan Ingila, yanzu ya zama abin nema a wurare da yawa.

Sai dai waɗanda su ka komo ba su ne su ka tafi ba. A Holan, inda a ke kiwon aladu da kaji da shanu da yawa a ƙaramin fili, iskar amoniya da ke tashi daga kashin dabbobi ta sauya ɓawon itatuwa daga tsami zuwa wajen kanwa-kanwa. Sai wani laikin ruwan ɗorawa, Xanthoria parietina, da 'yan'uwansa masu son taki su ka yawaita, masu son tsami su ka ja da baya. Wanda ya ɗauki tsanin 1970 ya shiga irin wannan wuri yau zai yi kuskure, domin zai ga itace cike da laikin ya ce iska lafiya lau, alhali kuwa wani ɓaci ne ya maye gurbin wani. Tsanin an yi shi domin dafi guda, a ƙasa guda, a zamani guda.

Ko akwai dangantaka tsakanin abin da laikin ke nunawa da lafiyar mutane? A 1997 Cesare Cislaghi da Pier Luigi Nimis su ka aza taswirar laikin ta lardin Beneto a arewacin Italiya bisa taswirar mutuwa daga sankarar huhu, su ka ga inda ire-iren laikin su ka yi ƙaranci nan ne cutar ta fi kashe mazan da ba su kai shekara 55 ba. Ya kamata a karanta wannan da hankali. Taswira biyu da su ka dace da juna ba su isa su nuna wane dafi ne ya jawo cutar ba, amma sun isa su nuna wa likita inda ya kamata ya fara bincike.

Labarin Amurka ya bi wata hanya dabam, domin can manoma ne su ka fara kuka. A 1944 masu lambu a kewayen Los Anjalis su ka ga bayan ganyen alayyafonsu da latas yana ƙyalli kamar an shafa azurfa ko tagulla. Ba tsutsa, ba cuta, kuma tabon bai yi kama da na farar wuta ba, wanda aka riga aka sani. John Middleton da abokan aikinsa su ka bayyana alamun a 1950. Arie Haagen-Smit, masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Holan da ke koyarwa a Kalifoniya, ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hayaƙin mota da tururin man fetur, in rana ta buge su, sukan haɗu su haifi waɗansu sababbin dafi waɗanda ba su fito daga bututun kowa ba. Ya haɗa irin wannan iska a ɗakin bincike, ya busa wa tsirrai, tabon da ya fito ya yi daidai da na lambu. Ganye ne ya zama shaida a shari'ar da masu mota da masu mai ba su so a yi ba. Babba cikin waɗannan dafi ita ce iskar ozon, wadda can sama ta ke kare duniya daga zafin hasken rana, amma a ƙasa ta ke ƙona huhu da ganye.

A kwarin Konetikat kuma ana noman wata taba mai tsada wadda a ke naɗe sigari da ganyenta, saboda haka ko ɗan tabo ya ɓata kuɗinta. Cikin shekarun 1950 ganyen ya riƙa fitowa da ɗige-ɗige farare, manoma su ka ɗora wa yanayi laifi. A 1959 Howard Heggestad da Middleton su ka tabbatar ozon ce. Masu kyautata iri su ka shiga neman tabar da za ta jure, shi kuwa Heggestad, a tashar binciken gona ta Beltsbil a jihar Merilan, ya ware wadda ta fi kowace rauni, aka sa mata suna Bel-W3, aka kuma ware mai jimiri, Bel-B. Tun daga 1962 a ke amfani da mai raunin nan wajen gane ozon. Ganyenta yakan yi tabo in iskar ta kai wajen kashi 40 cikin biliyan ta kuma daɗe 'yan sa'o'i. Hikimar aikin tana cikin dasa su biyu gefe da gefe, a tukwane iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya, ban-ruwa iri ɗaya. In duka biyu su ka yi tabo, sai a tuhumi ƙwari ko cuta ko ƙishirwa. In mai rauni kaɗai ta yi, to, ozon ce. Daga 1999 zuwa 2002 an jera irin waɗannan tukwane a birane 12 na ƙasashen Turai 8, aka ga tabon ya fi tsanani a kudu mai rana, kuma sau da yawa ya fi yawa a bayan gari bisa ga tsakiyarsa, domin iska takan kwashi hayaƙin ta yi gaba da shi yana dahuwa a hanya. Wannan magana ta shafi abinci kai tsaye. Wani ƙiyasi da aka buga a 2009 ya ce ozon ta rage alkamar duniya ta shekarar 2000 da kashi 7 zuwa 12 cikin 100.

Akwai kuma furen da Turawa ke shukawa don ado, ɗan'uwan rumanar da ke fitowa a daji da damina. Bakin ganyensa yakan ƙone in akwai hayaƙin fuloraid ko da ƙanƙane ne, irin wanda ke fita daga matoyar sanholo da ma'aikatar takin zamani da wurin gasa tubali. Makiyayi ya fi kowa bukatar wannan gargaɗi, gama dafin yakan taru a ciyawa ya lalata haƙora da ƙasusuwan shanu.

Duk waɗannan suna nuna ɓaci ne ta wurin ciwon da su ka ji. Gansakukar ƙasa kuwa aikinta dabam ne: ba ta nuna kome a ido, tarawa ta ke yi. A 1968 Åke Rühling da Germund Tyler a Suwidin su ka auna dalmar da ke cikinta, har su ka koma ga busassun gansakukan da masana su ka adana tun wajen 1860, su ka ga yadda dalma ta yi ta ƙaruwa, da fari saboda kwal da ma'aikatu, daga baya saboda fetur mai dalma. Tun 1990 ƙasashen Turai ke tattara gansakuka kowace shekara biyar daga dubban wurare. Tsakanin 1990 da 2010 dalmar da ke cikinta ta ragu da fiye da kashi 70 cikin 100, sa'ad da aka yi ta hana irin wannan fetur. A birnin Fotlan na jihar Oregon, ma'aikatan hukumar gandun daji su ka tsinko gansakuka daga itatuwa 346 a ƙarshen 2013. Awon ya nuna wurare biyu masu yawan ƙarfen kadmiyam, kowanne kusa da wata ma'aikatar gilashi mai launi. Na'urorin hukuma, da ya ke ba su da yawa, ba su taɓa nuna wuraren ba. Da aka kai na'ura can sai ta gaskata gansakuka, a 2016 kuma ma'aikatun su ka daina narka wannan ƙarfe ba tare da matacin hayaƙi ba. Wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa: tsiro ya nuna wuri, na'ura ta ba da adadi, domin alƙali ba ya yanke hukunci da launin ganye.

Malamin da ya so ya kawo wannan ilmi cikin ajinsa a Kano ko Zinder sai ya tuna da Rydzak. Laikin da gansakukar ƙasa suna bukatar laima, ƙasar da kuwa ta ke yin wata bakwai ko takwas ba ruwa, ga hunturu da ƙurarsa, ba za ta tara su da yawa ba ko da iskarta ta fi ta ko'ina tsabta. Rashin laikin a jikin darbejiya a Sakkwato ba shaidar hayaƙi ba ne. Tsanin Ingila kuma an gina shi a kan ire-iren da ke Ingila. Wurare masu laima da tudu, kamar Jos da Mambila da kudancin Nijeriya, su ne za a iya gina musu nasu tsani, bayan an san abin da ke fitowa can tun asali. A ƙasa mai rani dabarar tukwane biyu ta fi kama hankali, gama ita ba ta dogara ga abin da daji ya fitar ba, kuma ozon ba baƙuwa ba ce a nan: ga rana, ga hayaƙin motoci da injinan wuta, ga ƙunar daji da rani, waɗanda su ne kayan haɗinta. Amma ko a nan akwai tarko. Ozon tana shiga ganye ne ta 'yan ƙofofinsa, tsiro mai jin ƙishirwa kuwa yakan rufe ƙofofin nan. Tabar da aka bari ba ruwa za ta iya fitowa ba tabo a ranar da iska ta fi ɓaci. Saboda haka masu wannan aiki su kan sa lagwani daga gindin tukunya zuwa cikin mazubin ruwa, don ƙasar ta zauna da laima dare da rana, su kuma yi wa tukwanen rumfa mai shara-shara, su sauya tsirran da sababbi bayan kowane mako biyu.